Aron Sunan Asama'u

A shekarar da aka gama yaƙin basasa aka kawo mana makarantar boko Rijiyar Ubale, ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanzomo. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, da malami ɗaya, Malam Bilya, wani siririn Bakano mai agogo. Dagaci ya ce kowane gida a ba da yaro ɗaya. Ni Laure ba ni da yaron bayarwa, nawa duk sun yi gemu, sai na kai kaskon ƙosaina na kafa a gindin darbejiyar da ke ƙofar makarantar. Daga wurin babu abin da ke wuce ni, na gari da na makaranta.

Bayan gidana akwai rugar Ilu, Bafillace ne da ya zauna wuri ɗaya yana noma yana kiwo, shi da matarsa A'i. A lokacin 'ya'yansu biyu, duk mata: Rahamatu 'yar fari, mai shekara bakwai, da ƙanwarta Asama'u mai biyar. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma mukan nema masa laƙabi mu huta. Gidan Ilu ko laƙabi babu. Idan A'i tana son babbar sai ta ce da ƙaramar, je ki gaya wa addarki. Shi kuwa Ilu in ya gan ta tafe a hanya sai ya tsaya yana duban gajimare har ta wuce. Ba ƙi ba ne, haka ya taras ana yi a gidansu. Ni na san sunan yarinyar don na ci tuwon sunanta, kuma ban taɓa jin sa a bakin uwa ko uba ba.

Ranar rubuta sunaye Ilu ya zo da babbar, tana bin sa a baya nesa kamar ba tare suke ba. Malam Bilya ya sa ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne, ta kamo. Ya buɗe rajista ya tambayi sunanta. Ilu ya dubi ƙasa. Malam ya sāke tambaya, ya duba agogo, ga layi har bakin rijiya. Ya tambayi yarinyar, ita kuma ba ta buɗe baki a gaban ubanta. Ilu ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya ba da sunan 'ya mace guda ɗaya da bakinsa ke iya faɗa a gidansa.

"Asama'u," in ji shi.

Malam ya rubuta Asama'u Ilu, ya ce na gaba.

Ina zaune taku biyar daga teburin. Da na yi tari kawai da an gyara. Ban yi ba, don ina son in ga yadda abin zai ƙare. Shi kuma Ilu daga baya ya gaya wa mijina cewa ai bokon nan ba ta wuce damina biyu, in ta watse kowa ya ɗauki sunansa.

Boko ba ta watse ba. Makon farko Rahamatu ta sha bulala sau huɗu, domin ana kiran Asama'u Ilu tana waige-waige tana neman ƙanwarta. Da ta saba amsawa kuma sai matsalar ta koma gida: A'i ta kira Asama'u, su biyu su taso. Ƙaramar ta riƙa cewa a bar mata abinta, babbar ta ce ba ita ta ɗauka ba, ba ta aka yi. A hankali suka raba. Daga rijiya zuwa makaranta sunan na babba ne, daga rijiya zuwa ruga na ƙarama.

Wahalar yarinyar nan a idona aka yi ta. Sai ta gama tatsa ta kai maruƙa bakin fadama kafin ta taho, saboda haka kullum a makare take, kullum ita ce mai sharar fili. 'Yan ajinsu suna toshe hanci wai tana warin man shanu, alhali rabinsu da man gidan su A'i ake yi musu miya. Da damina Ilu kan aiko ƙaramar ta ce a gaya wa Malam yau akwai noma, sai benci ya yi kwana goma babu ita. Shekarar fari, da shanu suka riƙa faɗuwa har ƙanen Ilu, Manu, ya kora ragowar zuwa kudu, A'i ta so a cire ta ta riƙa kai nono kasuwar Maigatari ran Alhamis. To babu wanda zai iya zuwa makaranta ya ce a ba shi wance, sai tallan ya faɗa kan ƙaramar. Nan ne kawai na ga kunyar nan ta yi wa Rahamatu rana.

Duk da haka ita ke zuwa na ɗaya. In an ba su takardar sakamako ba ta da wanda za ta nuna wa a gida, sai ta kawo mini. Na yi yaƙi da jahilci damina biyu, ina gane lamba, ina gane jan biro. In na duba sai in ce ta yi ƙoƙari, in ba ta ƙosai uku. Washegari Ilu zai biyo ta gindin darbejiya, shi da ba ya cin abu a kan hanya, ya tsaya wai yana tambayar ko na ga wata akuya. Ni kuma sai in fuskanci kasko in ce masa, da kaskon nake, wata yarinya a makarantar nan ta sāke kayar da 'ya'yan dagaci. Ilu zai ce akuyar mai baƙin kunne ce, in na gan ta in yi magana. Ya wuce. Shekara bakwai muna neman akuyar nan.

A shekara ta bakwai, lokacin an ƙara ɗakuna Malam Bilya ya zama hedimasta ya yi tumbi, aka kai 'yan aji bakwai Gumel suka rubuta jarrabawar shiga sakandare. Bayan wata uku takarda ta zo. Mutum ɗaya ne ya ci a makarantarmu, an ba ta gurbi a makarantar 'yan mata ta kwana a Kano: Asama'u Ilu. An ce ta zo da akwatin ƙarfe, da bokiti, da takardar shaidar haihuwa. Wanda ba shi da ita, ubansa ya je gaban alƙali ya rantse a kan sunan yaro da shekarunsa. Wanda bai iso ran da aka sa ba, a ba wani gurbinsa. Saura kwana goma sha biyu.

Mutane sun zaci Ilu zai hana. Bai hana ba. Tun da aka yi fari ya ga malaman gona suna yawo a babur shanu na mutuwa, ya daina cewa boko za ta watse. Ya aika wa hedimasta cewa ran Litinin zai je Gumel sayen igiya, in akwai wani abu a hanya sai a yi.

Ni ma sai na tuna ina bukatar matankaɗi.

Muka shiga motar itace mu huɗu. Ilu ya hau can sama, yarinyar ta zauna kusa da ni a ƙasa, hedimasta a gaba. A kotu muka jira aka gama shari'ar wata gona, sannan aka kira mu. Alƙalin dattijo ne mai farin tabarau, ba ya gaggawa. Ya tambayi Ilu ko yana da alwala, ya ce yana da ita. Aka ɗora masa hannu a kan Alƙur'ani. Alƙali ya dubi takardar Kano, ya dubi yarinyar.

"Malam Ilu, wannan 'yarka ce?"

"Allah gafarta Malam, a gidana take."

"Sunanta Asama'u?"

Ilu ya janye hannunsa a hankali, kamar ya taɓa murfin tukunya.

"Allah gafarta Malam, wannan sunan na ƙanwarta ne."

Hedimasta ya ce wace ƙanwa. Shekara bakwai yana kiran yarinya da suna, yana dukanta da shi, yana ba ta kyautar littafi da shi, sai yau ya ji na aro ne. Ya juyo wurina, don ya san babu abin da ake yi a Rijiyar Ubale ban sani ba. Na ce ai ban ga an tambaye ni ba.

Alƙali ya ce to a faɗi sunanta na yanka. Ilu ya ɗaga kai yana duban azarar kotu. Alƙali ya jira, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya tambayi ko 'yar fari ce. Na ce ita ce. Ya gyaɗa kai, da ganinsa shi ma yana da nasa a gida. Ya tambayi yarinyar, ta faɗa da ƙaramar murya, tana duban yatsun ƙafarta. Magatakarda ya ɗaga alƙalami zai rubuta, hedimasta ya yi wuf ya ce a dakata. In aka rubuta Rahamatu, takardar kotu ba za ta dace da takardar jarrabawa ba, mutanen Kano za su ce wata ce ta zauna wa wata, su kore ta, shi ma su kira shi. In kuma za a nemi gyara daga ma'aikatar ilimi, sai an yi wata shida ana rubuce-rubuce, gurbin ya tafi.

Sai ya sassauta murya ya ce da Ilu ai duk makaranta da Asama'u aka san ta, ya faɗa kawai a wuce wurin. Ilu ya ce shi da bakinsa ya faɗa wa malami, wannan tsakaninsa da malami ne. Amma ga Littafi a ƙarƙashin hannunsa, ba zai ce ragon da aka yanka da wani suna da wani aka yanka shi ba. Na ce to ni a ba ni in rantse, na saba. Alƙali ya ce ba a karɓar rantsuwar maƙwabciya, kuma ya ji abin da na ce. Ya ce mu koma gida mu daidaita, ƙofarsa a buɗe take, shi dai ba zai sa hannu a kan abin da uba bai tsaya a kai ba.

Ilu ya sayi igiyarsa. Ni na manta da matankaɗi.

Kwana biyu Rahamatu ba ta leƙo gindin darbejiya ba. A na uku ta zo da hantsi, ta zauna a kan turmin da nake ajiye ƙullu. Ba ta yi kuka ba, 'ya'yan gidan Ilu ba sa yi a gaban mutane. Ta ce ta je wurin hedimasta ya ce ba shi da abin yi. Ta je wurin innarta, ta tsaya a bakin bukka, innar ta ce da ƙwarya a gaya wa mai tsayuwa rabon mutum ba ya wuce shi. Wurin ubanta kuwa babu hanya.

"Goggo," ta ce, "ke kina wurin ran da aka rubuta."

Na ce ina wurin.

"Kin ji."

Na ce man kaskon nan ya yi zafi, bari in sauke. Ta jira na sauke.

"Shekara bakwai ina shara a makarantar nan," in ji ta. "Ni ban ce a so ni ba. A ce dai ni ce."

Ta tashi ta tafi, ƙosan da na miƙa mata ma ba ta karɓa ba. Wannan ya dame ni, don a garin nan ba a taɓa ƙin ƙosaina ba sai da dalili.

Amfanin jin zancen mutane shi ne wata rana ka tarar da abin da kake nema a ciki. Na tuna wata ƙawata a Gagarawa da jikanta ya yi ta ciwo, aka ce sunan ne ya yi masa nauyi, aka tara mutane aka sāke masa wani yana ɗan shekara huɗu. Na yafa mayafi na tafi wurin limaminmu, Malam Ɗantsoho. Ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, duk abin da ka gaya masa a asirce sai unguwa ta ji. Na tambaye shi ko uba na iya sāke wa 'yarsa suna tana da shekara goma sha huɗu. Ya ce ko tana da arba'in. Na ce ko da sunan ƙanwarta ne. Ya ce gida ɗaya suna ɗaya ba haram ba ne, rikici ne dai, gara a nema wa ƙanwar wani. Kafin in iso gida labari ya riga ni zuwa ruga.

Da la'asar Ilu ya zo neman akuya. Na gaya wa kasko yadda muka yi da liman. Ya ce akuyar dai in za a same ta sai an tambayi mai ita, don ba a karɓe wa yarinya suna kamar zane a kan igiya. Wannan ne karo na farko da na ji akuyar nan ta yi ma'ana.

Aka aiko mini ƙaramar. Asama'u ta gaske ba irin addarta ba ce. Talla ya buɗe mata baki, ta iya ciniki da Hausa da Fillanci har da ɗan Faransancin mutanen Damagaram. Ta zauna ta miƙe ƙafa, na yi mata bayani tun daga farko, ina lallaɓawa. Ta ce ta ji tun daga bakin liman, tana bakin rijiya.

"Goggo, shekara bakwai tana yawo da shi babu wanda ya tambaye ni. Yau da ake so a tafi da shi Kano aka san da ni."

Na ce gaskiyarta.

"Ta ɗauka. Ya ma tsufa. Asama'u ɗebo ruwa, Asama'u kori kaji, Asama'u wa ya zubar da nono. Amma a ba ni nata."

Na ce akwai sunaye da yawa a duniya, ga Murja, ga Maijidda, ta zaɓa.

"Nata nake so. Sabo ne fil. Ba a taɓa yin faɗa da shi a gidanmu ba."

Na kai wa babbar wannan sharaɗi. Ta ce ai ita ba ta san inda ta ajiye shi ba ma, a ba ta.

Liman ya ce ba dole sai an yi yanka ba, sanarwa ta isa. Ilu ya ce sunan da ba a zubar masa da jini ba ba ya zama, shi ya gani da idonsa a Gumel. Tumakinsa biyar suka rage bayan fari. Ya ware rago ɗaya da tunkiya ɗaya, ya sa ranar Juma'a da safe, saura kwana huɗu a rufe karɓar ɗalibai.

Ban taɓa zuwa suna irin wannan ba. Jariran suna zaune a bayan zana da kitso da 'yan kunne, ɗaya tana tankaɗe. Wanzami ya zo ba a kira shi ba, ya shimfiɗa zabirarsa, ya ce al'ada ce a aske kan mai suna. Ƙaramar ta ce in ya matso za ta fasa. Na shiga tsakani aka yanki ɗan gashi daga ƙeyar kowacce, ya karɓi ƙafar rago ya tafi yana cewa zamani ya lalace. Maza suka zauna a tabarmi a ƙofar ruga, hedimasta a cikinsu da rajista a hammata. Mu mata muna ciki, ni a jikin zana inda akwai ɓula.

A ka'ida uba ne ke raɗa wa liman suna a kunne. Sunan ɗan fari kuwa baffa ke faɗa, ga Manu yana kudu. Ilu ya riga ya yi wannan lissafi shi kaɗai a gona. Ya ce a fara da babba. A wannan lokacin Asama'u sunan ƙaramar ne, bakinsa na iya ɗauka. Ya sunkuya ya faɗa, liman ya ce me, ya ƙara, liman ya ɗaga murya ya sanar, aka shafa fatiha, aka kayar da rago. Na ɗan lokaci gidan Ilu yana da Asama'u biyu, Rahamatu kuwa babu mai shi.

Sai aka zo kan ƙarama. Ilu ya sunkuya a kunnen liman. Na ga leɓensa ya motsa, ban ji komai ba. Liman ma bai ji ba.

"Ɗaga murya, Ilu. Kunnen nan ba na jiya ba ne."

Ilu ya waiga hagu da dama. Ya gyara zama. Ya faɗa a hankali.

"Wa? Ramatu ko Rabi?"

"Rahamatu," in ji Ilu, yadda har mai kiwo a fadama zai ji.

Na juya na dubi babbar. Ta daina tankaɗen. Rariyar na hannunta, garin na zuba a kan ƙafarta ba a cikin ƙwarya ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin yadda sunan yake a bakin ubanta ba, sai yau da ya zama na wata. A'i tana can gefe tana hura wutar da ta riga ta kama. Ƙaramar ce ta amsa daga bayan zana, da ƙarfi, ta ce na'am, maza suka yi dariya, liman ya ce wannan jaririyar ta cika gaggawa.

Babbar ta tattara garin da ya zube, ta busa ƙasar, ta ci gaba da tankaɗe. Na ce mata ko ta ji. Ta ce ta ji, ashe jan sunan yake yi a tsakiya.

Ran Asabar muka koma Gumel. Tun a mota hedimasta yake zufa, don ya gano abin da ni na gano tun a wurin suna: yanzu Asama'u sunan 'yar fari ne, ya fita daga bakin Ilu. Na ce ya bar ni da alƙali. Ashe ba a bukatata. Da aka gaya wa dattijon abin da aka yi, da rago da tunkiya da shaidu, ya cire tabarau ya rufe fuska da hannun riga na ɗan lokaci, ya ce tari ne. Sannan ya sa Ilu ya ɗora hannu. Bai ce ya faɗi komai ba. Shi ya karanta.

"Wannan da ke tsaye ita ce Asama'u, 'yar Ilu, shekararta goma sha huɗu da daminar bana?"

Ilu ya dubi azara. Hannunsa bai motsa daga kan Littafi ba.

"Ita ce."

Magatakarda ya rubuta, aka buga hatimi. Yarinyar ta karɓi takardar da hannu biyu, ta naɗe ta a cikin ɗankwali, ta ɗaure a ƙugu. Daga nan muka shiga kasuwa neman akwatin ƙarfe da bokiti. Ilu ya ce shi zai duba wata igiya, amma duk rumfar da muka tsaya sai in hango shi a ta uku yana juya wani abu. Da muka zaɓi akwati shuɗi sai mai rumfar ya ce an riga an sallame shi, wani Bafillace ya ce in wasu mata sun zo a ba su wanda suka nuna.

Ran Litinin da sassafe ta tafi. Iyaye ba sa rakiyar 'yar fari, saboda haka ni da hedimasta muka kai ta tashar Gumel, ƙanwar ta ɗauko bokiti har bakin hanya. A'i ta aiko da ƙullin dambun nama da man shanu a kwalba, ta ce a ba mai tafiya. Ilu tun asuba ya kora tumakinsa uku ya yi fadama. A tasha ɗan kamasho ya tambayi sunan mai akwati don ya rubuta a jiki da alli, ta faɗa ba ta waiga ba. Motar ta cika, ta tashi. Na sayi matankaɗina na dawo.

Da na iso ana kiran azahar, tun daga rijiya nake jin muryar A'i, matar da shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka ban taɓa jin ta daga waje ba. Rahamatu kawo tsintsiya. Rahamatu mayar da tsintsiya. Rahamatu duba ko kaza ta yi ƙwai. Rahamatu zo. Yarinya ta zo, uwar ta dube ta ta ce babu komai, je ki. Kafin ta kai bakin zana an sāke kira.

Da la'asar ƙaramar ta tsallako katangata ta ɓuya a bayan rumbu. Ta ce tun safe ba ta zauna ba, an kira ta ya fi sau hamsin, rabi babu aike. Ubanta ma da ya dawo daga fadama ya kira ta sau biyu, ya tambaye ta ko ta ga sandarsa, sandar na hannunsa. Ta ce in haka ne an cuce ta, ita a mayar mata da tsohon.

Na ce tsohon ya wuce Gezawa yanzu, sai hutun ƙarshen zango. Na ba ta ƙosai uku, na ce ta ci a nan kafin a gano inda take.